Batirin tocila mai rubutun 9900mAh

Ka tambaya ko batirin litiyam mai araha, irin girman da ake kira 18650, wanda aka rubuta wa 9900mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa), zai yi wa tocilarka. Kada ka saya, malam. Batiri mai wannan girman iyakarsa wajen 3500mAh, abin da ya haura haka da nisa rubutu ne kawai. Nemi Samsung ko Panasonic mai 2500 zuwa 3500. Na gaske nauyinsa wajen giram 45 ne, jabu kuwa sakayau za ka ji shi a hannu.

Amma fa ka kula da caja. Ta zama ta litiyam, mai yanke wuta da kanta a bolt 4.2. Wadda ba ta yankewa takan sa batiri ya yi zafi, har ya kama da wuta. In ledar jikinsa ta yage, kar ya shiga tocila.