Amsa ga 'yar uwar da ke son ajiye aiki ta koma kasuwar waya

Assalamu alaikum. 'Yar uwa mai tambaya, wallahi karanta saƙonki na yi kamar labarina kika zauna kika rubuta. Kin ce kina aikin gwamnati, albashi ba ya kai ki ƙarshen wata, kin fara sayar da atamfa da leshi da mayafai ta WhatsApp da Instagram, yanzu kina ganin abin da ke shigowa ya fi albashin, shi ne kike tambaya ko ki ajiye aikin ki rungumi kasuwa gaba ɗaya, ga kuma maigida da surukarki sun fara ƙorafin kin cika ɗora komai a sitatus. Toh ni dai kai tsaye zan faɗa miki, kar ki ajiye. Ba yanzu ba.

Ni koyarwa nake a makarantar kuɗi, ba ma gwamnati ba. Lokacin kullen korona a 2020 aka rufe makarantu albashi ya tsaya cak, shi ne na fara ɗaukar hoton atamfa ina ɗorawa, kuma Allah Ya sa wa abin albarka, kafin 2022 ina tura kaya Kaduna, Gombe, Sakkwato, har Maraɗi akwai masu saya a wajena. Ƙarshen shekarar na ajiye alli na ce na huta da tashin asuba da makin ɗin jarrabawa. Ban yi wata biyu ba sai ga canjin kuɗi, kun dai tuna Janairu da Fabrairun 2023, tsabar kuɗi ta ɓace, kwastoma ta ce ta tura an cire mata amma ke bai shigo ba, ki tsaya a shago a kasuwar Kantin Kwari ta Kano da waya a hannu kina jiran alat mai shago yana kallonki, ɗan sahu kuma ya ce shi bai san wata transfa ba. Muna cewa mun fita sai 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin tura kaya a tasha ya tashi, dala ta biyo baya har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Turmin da kika sayar yau kina murnar riba, ki koma Kwari sati mai zuwa uwar kuɗin da ribar duka ba za su sayo miki irinsa ba. A irin wannan lokacin ne mutum yake sanin darajar ɗan albashin nan da yake rainawa, don shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba zai shigo.

Amma duk wannan ba shi ya karya ni ba, kowa ya sha. Abin da ya kwantar da ni mutum ne.

Ina da ƙawa tun makarantar kwana, gado ɗaya muke ajiye akwati, a bikina ita ce babbar ƙawa. Lokacin ina zuwa makaranta da safe ba na iya riƙe waya a aji, sai na sa ta admin a guruf ɗin kwastomomina tana amsa musu kafin in taso, ina ba ta wani abu a kan kowane turmi. Tare muke shiga Kwari, ta san dilana, ta san farashin sari, ta san wadda ke biya nan take da wadda sai an bi ta. Cikin azumin 2023 na haihu, haihuwar ta zo da wahala har sai da aka yi min aiki, na tafi gida wankan jego, kuma kun san azumi shi ne kakarmu, abin da za ki samu daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin sallah wani lokaci ya fi na wata uku. Na ce mata ki riƙe min kasuwar nan amana. Ta ce haba ke kuwa, ki kwanta ki huta, ai ni da ke ɗaya ne.

Ashe bin kwastomomin take ɗaya bayan ɗaya ta bayan fage, tunda a guruf lambar kowa a buɗe take. Tana ce musu ai Maman su ta daina sana'a, mijinta ya hana ta, yanzu ita ce ke kawowa kuma da sauƙin ɗari biyar. Ta buɗe nata guruf ɗin. Kuma wai da hotunana take talla! Hotunan da na ɗauka a ɗakina, a kan zanin gadona mai ruwan toka, akwai ma wani da ƙafar 'yata ta fito a gefe da ɗan lallen da aka yi mata, ko yanke wajen ba ta yi ba. Wata baiwar Allah 'yar Gombe ce ta turo min da muryar da ta aika mata, ina zaune ina shan kunun kanwa jariri a cinyata na danna na ji muryar ƙawata tana cewa "ai ita yanzu ta yi kuɗi ido ya rufe, tsada take muku, ni ce ma nake rufa mata asiri." Na saurara na sake saurara har Hajiyarmu ta karɓe wayar daga hannuna. Kuma ranar suna ta zo, ta ci kwalliya da ɗaya daga cikin leshin da na saro da kuɗina, ta ɗauki yaron tana masha Allah kamar babansa, ta kawo sabulu da turmi. Har yau turmin nan na cikin durowa ban ɗinka ba, ban kuma iya bayarwa ba.

Bai tsaya nan ba. Ta karɓi kuɗin kayan lefe na wata mata da sunana, rabin kayan ta tura sauran ta yi shiru, matar ta kira ta kira ba a ɗauka, sai kawai ta ɗauko hotona, fuskata ƙarara da na taɓa ɗorawa ranar wani biki, ta watsa a guruf-guruf na mata da rubutu a ƙasa wai a yi hattara da wannan 'yar damfara ce. Ƙanwar mijina ce ta fara gani. Ki yi tunanin ɗinki a ciki ko warkewa bai yi ba, waya na ta ƙara, dangin miji na tambaya, wata tsohuwar ɗalibata ma sai da ta kira ta ce Anti wai gaskiya ne? Ban taɓa kuka irin na ranar ba, ruwan nono ma sai da ya ɗauke. Ni na biya matar nan kuɗinta, na sayar da ɗan kunnena na gwal na cika, don sunana ne a kai. Ta goge ta ba da haƙuri, amma wa ya ga ban haƙurin? Waɗanda suka tura hoton gaba ba su tura gyaran ba. Ita kuwa ƙawar tawa da manya suka shiga maganar cewa ta yi ai kasuwa ta Allah ce, ba wanda ya isa ya hana wani nema. Haka fa ta ce, ko kunya. Yanzu haka tana nan tana sana'arta, wani lokacin a turo min sitatus ɗinta tana ɗora hadisi a kan amana. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba, kar ma wata ta zo tana min wa'azi a ƙasa, na san falalar yafiya, zuciyata ce ba ta kai can ba tukuna.

Kin ga a watannin da suka biyo baya babu ciniki, babu jari, babu albashi, ko kuɗin data sai na roƙi Baban su. Mutumin kirki ne bai taɓa goranta min ba, amma matar da ta saba ta sayi abinta ta yi wa iyayenta aike, ta koma tana jiran a ba ta na kati, akwai ciwo.

Don haka ki ji. Wannan da kika ce abin da ke shigowa ya fi albashi, shigowa kike gani ko riba? Ki samu littafi na musamman, ba waya ba, ki rubuta komai, kuɗin sari, kuɗin ɗan sahu zuwa kasuwa da dawowa, ɗan dako, leda da salatif, na yaron da ke kai kaya tasha, data da tun farkon 2025 aka ƙara mata kuɗi, har naira hamsin ɗin da ake cirewa in kuɗi ya kai dubu goma. Da bashin da ba zai dawo ba, shi ma ki rubuta shi a asara ki huta. Kuma ba lissafin azumi ko na lokacin bukukuwa za ki duba ba, ki duba bayan babbar sallah, ki duba Satumba lokacin da kowa ke neman kuɗin makaranta ba mai waiwayar leshi. In ribar waɗannan watannin ta riƙe ki, toh sai a fara magana. Kuma asusun kasuwa daban na cefane daban, ko OPay ne ko Moniepoint ki buɗe don kasuwa kawai, in ba haka ba jarin a tukunya zai ƙare ba ki sani ba.

Aikin gwamnati kuma a wannan zamanin, mutane nawa ne ke yawo da takardu suna nema? Ki saki reshe ki kama ganye? Akwai fansho a gaba, akwai rancen ƙungiyar ma'aikata, akwai adashen ofis, kuma rabin kwastomominki na san a wajen aikin kika same su, in kin bar zuwa za ki ga yadda za su ragu. In gajiya ce ta yi miki yawa ki tambaya a ofishinku ko ana ba da hutu ba albashi, ki gwada zaman ki gani, ƙofa na buɗe a bayanki. Kuma kar ki ɗauka zaman gida hutu ne, wallahi na fi samun lokacin yarana sanda nake koyarwa, don ƙarfe biyu na tashi na tashi kenan. Kasuwar waya ba ta da lokacin tashi, sha biyun dare wata za ta ce ki ɗauko mata a bidiyo ta ga kalar da kyau, ki tashi ki kunna fitila ki baje kaya, ta gama ta ce bari ta yi shawara da maigida. Ni yanzu ƙarfe tara nake kashe data, mai saya da gaske za ta jira safiya.

Af, alat na bogi, kar ki yarda da sikirinshot ko na waye, ki shiga ki ga kuɗin da idonki kafin kaya su bar gida. Da bashin dangi, wannan kam sai dai addu'a, "kawo in an yi albashi zan ba ki" ya cinye jarin mata da yawa a nan gidan, wato dandalin nan namu, su faɗa da bakinsu.

Maganar sitatus kuma, ki yi haƙuri, ina bayan maigidanki a nan ko da ban san yadda ya faɗa miki ba. Kaya kike sayarwa, toh ki ɗora kaya. Ki samu farin ƙyalle ko tabarma ki shimfiɗa a inda rana take, ki ɗauka ba tare da an ga ɗakinki ba, ki rubuta sunan kasuwarki a tsakiyar hoton inda ba za a iya yankewa ba. Fuskarki, yaranki da kayan makarantarsu, sabon firij, abincin da kika girka, alat ɗin da ya shigo da "Alhamdulillah an fara", duk me ya kawo su? Na san ana cewa sai an ga ana saye ake saye, gaskiya ne, amma hoton ƙunshin kaya a ɗaure za a kai tasha ya isa, a rufe suna da lambar mai shi. Masu kallon sitatus ɗinki ɗari biyu ne a ce, masu saye ba su fi goma ba, sauran kallo suke suna lissafa miki, gobe a zo rance ki ce babu a ce ai mun gani. Ga baki, ni na yarda akwai shi, ki riƙe azkar. Surukarki kuma kar ki yi musu da ita, ki cire ta daga masu ganin na kasuwa shikenan, WhatsApp ya ba da dama, sallah ta zo ki kai mata turmi mai kyau.

Guruf kuma in kina da shi ki rufe, ki koma tura saƙo ta burodkas ko ki buɗe canal ɗin WhatsApp, inda ba mai ganin lambar wani. Layin kasuwa daban. Lambobin kwastomomi ki kwafe su a littafi, ku tuna ranar 4 ga Oktoban 2021 da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida, da 'yan uwanmu na Zamfara da aka rufe musu layukan waya a Satumban shekarar, masu sana'a ta waya a can zama suka yi. In da hali ki yi rajistar sunan kasuwa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ranar da wani abu ya taso kina da takarda a hannu. Dilanki kuwa ko 'yar uwarki ciki ɗaya ce ki je ke kaɗai.

Ni yanzu na koma koyarwa a wata makarantar, albashin bai kai na da ba in aka duba tsadar kaya, ina kasuwata da yamma da ranakun Asabar, kwastomomin ba su kai rabin na da ba amma na san kowacce. Ba ki faɗa mana shekara nawa kika yi a aikin ba da matakin da kike, kuma jarin naki ne ko kayan mutane kike ɗauka ki ɗora riba? Ki amsa a nan kar ki biyo ni ta gefe, akwai ma'aikata a gidan nan da suka fi ni sanin maganar hutun da fansho, su ma su sa baki.