Me Ya Karya Lagon Ƙungiyoyin Ƙwadago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina aikin masaƙa a Sharaɗa har aka rufe ta, na dawo ƙauyenmu a ƙasar Ringim na rungumi fartanya. A zamaninmu in yuniyon ta ce a ajiye aiki, manaja har gumi yake yi. Yanzu ɗana yana kamfanin gyaran riɗi, ya ce ko sunan ƙungiya ba a ambata. Shugabannin ne suka lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shugabanni ba su rasa nasu laifin ba, amma ko waliyyai aka ɗora, sai sun tarar ƙasa ta zame musu.

Tuna abin da ke sa manajan nan gumi. In injinanku suka tsaya mako guda, 'yan Kantin Kwari za su rasa atamfa, kuma ba su da wani wurin sari mai sauƙi. Wannan asarar ce ke jawo shi teburin ciniki. Da ita ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfi, har babban sakatarenta Adams Oshiomhole ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999.

Sai duniya ta dunƙule ta zama kasuwa ɗaya. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Sin ta shiga a 2001, a farkon 2005 kuma aka soke ƙa'idar da ta taƙaita yawan tufafin da ƙasashe irin su Sin ke fitarwa. Ga rashin wuta, ga fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar. Ɗan kasuwar da ke layi a ƙofar masaƙarku ya koma aika oda birnin Guwanzu na ƙasar Sin. To, ka yi yaji a kan wa? Mai kamfani zai ce ku ƙara matsa min in rufe, kuma ba barazana ba ce kawai: masaƙar UNTL ta Kaduna ma, duk girmanta, ta rufe a 2007. Daga nan ciniki ya tashi daga "nawa za a ƙara mana" ya koma "yaushe za a biya mu kuɗin sallama".

Lamarin ɗanka ya fi ɗaure kai. Riɗin da yake tankaɗewa Japan ko Turkiyya zai nufa, kamar yadda zoɓon Maigatari ke tafiya Meziko. A can ake yanke farashi, wanda ke biyansa da yamma ɗan tsakiya ne. Ga shi aikin na kaka ne, yau an ɗauke ka, gobe wani. Mutumin da bai san ko zai dawo jibi ba, da wuya ya cire kuɗin ƙungiya daga ladansa. Dokar mafi ƙarancin albashi ma, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ta tsame masu aikin gona na kaka da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Ni dai ban yarda an gama da ƙungiya ba, sai dai dole ta bi kaya har inda ake sayensu. Bayan ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, ya kashe masu ɗinki fiye da 1,100, ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suka ƙyale masu ƙananan masana'antun, suka kama manyan kamfanonin Turai masu sayen kayan, fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar da kotu ke iya tilasta musu cikawa.

Kafin a kai can, ɗanka ya nemi takardar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba shi ita cikin wata uku da fara aiki. Ya kuma samu ɗan littafi yana rubuta ranaku da buhunan da ya yi, shi da abokan aikinsa.