Na sa manyan tayoyi motata ta yi sanyi: wace giyar aksul ta dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, injin fetur, giya otomatik. Da tayoyi masu inci 31 ta zo, na cire su na sa masu inci 35 saboda yawancin tafiyata cikin yashi da taɓo da hawan tudu take. Tun daga ranar ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, kuma a kan kwalta giyar ba ta zama wuri guda. Lambar aksul ɗina 3.73 ce. Wani ya ce in sa 4.10, wani ya ce 4.56, wani ma ya ce 4.88. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, injinka lafiyarsa ƙalau. Ranar da ka ƙara tsayin taya, ka sauya giyar motarka ba tare da ka kwance ko noti ɗaya a cikinta ba.

Lambar nan 3.73 tana nufin farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin giyabos zuwa aksul, za ta juya sau 3.73 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A cikin tulun aksul akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna, babban zobe da ɗan ƙaramin da farfela ke juyawa, wanda makanikai ke kira finiyon. Zobe mai haƙora 41 da finiyon mai 11, in ka raba, 3.73 za ka samu. In finiyon ya koma haƙora 10 ka samu 4.10, in ya koma 9 ka samu 4.56. Duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙarfin da ke isa ƙasa yana ƙaruwa, inji kuma yana ƙara juyi a gudu iri ɗaya. Doguwar taya akasin haka take yi. Tana cin ƙasa mai yawa a zagaye guda, don haka motarka yanzu kamar mai keke ce da ya tashi hawan tudu da giyar gudu.

Lissafin ba wuya. Raba tsayin tsohuwar taya da na sabuwa, ka ninka da lambar aksul: 31 a raba da 35, sau 3.73, ya ba da 3.30. Wannan ita ce giyar da injinka yake ji a yau. In kana son motar ta dawo yadda kamfani ya ƙera ta, sai ka juya lissafin: 35 a raba da 31, sau 3.73, ya ba da 4.21. Kafin ka dogara da wannan, ɗauki tef ka auna tayar tana ɗauke da nauyin mota, domin wadda aka rubuta wa 35 sau da yawa ba ta cika 35 ba. Misali taya mai lamba 315/70R17, da mutane ke kira talatin da biyar, a lissafi inci 34.4 ce.

Ba a cika samun 4.21 a saya ba, shi ya sa abokan shawararka suka rabu. Lambar 4.10 ta fi kusa a takarda, amma ni 4.56 zan ce ka ɗauka. Lissafin nan tsayi kawai ya sani. Bai san cewa taya mai inci 35 ta fi tsohuwar nauyi da faɗi ba, kuma nauyin da ke juyawa ya fi wahalar da inji a kan wanda aka ɗora a bayan mota. Bai san motar ta ƙara tashi sama tana karo da iska ba, balle yashi da taɓo da ke riƙe taya. In ka sa 4.10 ka biya kuɗin aiki cikakke, ga shi ko matsayinka na farko ba ka koma ba. Wannan asarar ce nake ji wa mutane ciwo a kanta, don aiki ne da ba a son a maimaita.

Ga yadda abin zai kasance a kan kwalta. Mu ɗauka lambar giyarka ta ƙarshe a giyabos 0.70 ce, kana gudun kilomita 100 a awa. Da tsofaffin tayoyi injinka yana juyi kusan 1,760 a minti. Yanzu ya faɗo kusan 1,560, inda injin fetur ba shi da kataɓus sosai, shi ya sa da ka ɗan taka totur giyar take saukowa, ta hau, ta sake saukowa. Wannan kai-kawon yana dafa man giyabos, kuma zafi shi ne babban abin da ke kashe giya otomatik. Da 4.10 za ka samu kusan 1,710, da 4.56 kusan 1,900, da 4.88 kusan 2,040. Juyi 1,900 ba ihu ba ne ga injin fetur, nan ma ya fi numfashi da kyau. Ka duba lambar giyarka ta ƙarshe a littafin motar ka sake lissafin da kanka: gudu a kilomita, sau giyar ƙarshe, sau lambar aksul, sau 209, a raba da tsayin taya a inci.

Ita 4.88 ta mai jan tirela mai nauyi ce, ko mai ƙaramin inji, ko wanda ke da niyyar sa tayoyi masu inci 37 nan gaba. Da a ce dizal gare ka, mai ƙarfi tun daga ƙasa, da na bar ka a 4.10. Batun mai kuwa, zai ɗan sassauta tunda inji ya daina nishi, amma kada ka sa ran ya koma kamar da.

Tunda motarka mai jan ƙafa huɗu ce, dole aksul na gaba da na baya su zama lamba ɗaya. In ka sauya na baya kaɗai sannan ka sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya za su yi ta jayayya har wani ƙarfe ya sare. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko gidan da zoben yake zama a kai zai karɓi sabuwar lambar. A aksul irin Dana 44 na da, gidan da ke ɗaukar 3.73 zuwa ƙasa daban yake da na 3.92 zuwa sama, sai dai a sayi zobe mai kauri da aka yi domin cike wannan giɓi.

Haɗawar ita ce inda ake samun matsala. Ka nemi makanikin da ke da agogon awo, wanda zai daidaita zurfin finiyon da 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora da matsin boris, sannan ya shafa fenti a haƙoran ya ga inda suke cizo. Wanda ya ce da ido da kunne zai yi, ka ɗauke motarka. Giyar da aka haɗa a karkace kuka take farawa, daga baya haƙoran su cinye. A sa sababbin boris da sil, wato robar da ke hana mai yoyo, tun da an riga an buɗe.

Bayan an gama, tafiyar farko ta zama gajeriya, kamar kilomita 25 zuwa 30, ka tsaya aksul ya huce. Kada ka ja tirela ko ka yi dogon gudu a kilomita 800 na farko, sannan ka zubar da man aksul ka zuba sabo.

Ka lura da maleji kuma. A yanzu in ya nuna 100, kusan 113 kake yi. In daga giyabos yake karanta gudu, sabuwar giyar 4.56 za ta juya kuskuren, ya koma nuna maka ɗan sama da gudunka na gaskiya. In kuwa daga na'urar birki ta ABS da ke jikin ƙafafu yake karantawa, sauya giya ba zai taɓa shi ba, sai an shiga kwamfutar motar an faɗa mata tsayin sabuwar tayar.