Bambancin ƙudurin doka da doka

Malam, ka tambaya me ya sa aka ce majalisa ta amince da doka, amma har yau ba ta aiki. Kalmar "ƙuduri" ce ke ruɗa mutane, don gidajen rediyo na amfani da ita wajen abu biyu.

Akwai ƙudurin da ɗan majalisa kan gabatar a zaure, a yi muhawara, a cimma matsaya, misali a buƙaci minista ya gyara hanya. Wannan kira ne kawai, ba ya tilasta wa kowa. Sai kuma ƙudurin doka, wato daftarin da ake so ya zama doka. Shi ne ake yi wa karatu na farko, da na biyu inda ake tafka muhawara, a miƙa wa kwamiti ya ji ra'ayin jama'a, sannan karatu na uku. Dole Majalisar Dattawa da ta Wakilai su amince da kalmomi iri ɗaya. In sun saɓa, a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita.

Ko a nan bai zama doka ba. Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ita, kamar yadda aka yi wa dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja-Delta (NDDC) a 2000, zamanin Obasanjo.

Don haka ka duba ko an rattaba hannu tukuna, ko kuwa takardar na kan teburin shugaban ƙasa.