Hoton MRI na Ƙaramin Hanji: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Likita, gaskiya ne injin MRI yana ƙona jini?

Amsa: A'a. Da maganaɗisu da igiyar rediyo yake ɗaukar hoton cikin jiki, babu irin hasken eksire a cikinsa. Ƙara ce kawai gare shi, kuma za a ba ka abin toshe kunne.

Tambaya: Me ya sa aka ce in kwanta rub da ciki?

Amsa: Ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, a naɗe yake. Idan ka kife, ciki yana bajewa, hanjin ya rarrabu, numfashi ba ya motsa shi sosai, hoto ya fito tar. Mai juna biyu, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, sai ya kwanta rigingine. In kifewa na yi maka zafi, faɗa musu tun kafin a fara.

Tambaya: Wata takwas ke nan ɗana yana zawo, wani lokaci da jini, ya rame. Mai magani ya ce basir ne. Yanzu an rubuta MRI, kakarsa ta ce a ba shi jiƙon wankin ciki da kanwa don hanjin ya fito fes.

Amsa: Don Allah, Hajiya, kada a ba shi ko kurɓi ɗaya! Yaron da ya yi wata takwas yana zawo, wane ruwa ya rage a jikinsa da za a ƙara wanke shi? Jiƙon zai iya taɓa ƙodarsa, ga shi ana duba lafiyar ƙoda kafin allurar da ke haska hoton. Wannan abu yana ci mini rai: komai a ce basir, har ciwo ya yi nisa. Zawo da jini da rama na iya zama kumburin hanji irin cutar Crohn, ko tarin fuka na hanji, kuma dukkansu suna da magani.

Shirin na asibiti ne: ya daina cin abinci awa 4 zuwa 6, sannan su ba shi wani ruwa, wajen lita ɗaya ko fiye, ya sha a hankali cikin kusan awa guda don hanjin ya buɗe. Yana iya sa shi zawo bayan haka. Idan kafin ranar cikinsa ya kumbura, ko ya fara amai kore, ko jinin ya ƙaru, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira ranar hoto. Ina maimaitawa, kada ku jira.

Tambaya: Akwai ɓurɓushin harsashi a cinyata.

Amsa: Sanar da masu ɗaukar hoton kafin ka shiga ɗakin, don maganaɗisun injin yana jan ƙarfe. Laya, guru, zobe, har kwalli, duk a cire.