Fita zuwa gonakin inabi na Franschhoek: wa zai riƙe sitiyari?

Tambaya: Malam, ina karatu a Cape Town. 'Yan ajinmu sun shirya fita ta wuni ɗaya zuwa gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek. Ni ba na shan giya, duwatsu nake son gani. Sai dai wanda zai tuƙa mu ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ƙanwata, kina da gaskiya. A aikina na jagorar baƙi, babu maganar da ta ishe ni kamar wannan ta "ɗanɗanawa kawai". A gona ɗaya za a zuba wa mutum giya kala huɗu ko biyar. Ya je gona uku, kin ga abin ya taru. Akwai ɗan bokitin tofarwa a kan tebur, amma baƙi nawa ne ke amfani da shi? Dokar Afirka ta Kudu ta hana tuƙi idan barasar jini ta kai giram 0.05 a cikin mililita 100, direban haya kuwa 0.02. Sai ki ji wani ya ce zai sha kofi mai ƙarfi ya wartsake. Ƙarya ce. Kofi na buɗe ido ne kawai, hanta kuma, mai tace barasa daga jini, ba ta sauri don wani ya matsu. Mai irin wannan tunani shi zai bi da ku ta hanyar kan dutse ta Helshoogte, sannan ya hau Franschhoek Pass, hanya mai lanƙwasa a gefen rami, inda gwaggon biri kan fito tsakiyar titi ba sallama.

Ku ɗauki direban haya mai lasisin ɗaukar fasinja, ko ku naɗa wanda ba zai taɓa giya ba. Idan suka ƙi, ki haƙura da tafiyar.

Wurin kallo kam akwai shi. Daga saman Franschhoek Pass za ki hango kwarin gaba ɗaya, inda Faransawa 'yan gudun hijira suka zauna a 1688. A kan hanyar dawowa ku ratse Macassar, ku ziyarci kabarin Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka koro zuwa nan a 1694. Azahar kuma ki yi ta a masallacin Stellenbosch, kafin ku shiga kwarin Banhoek.