Sanyaya kwamfutar wasa da ruwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ina shirin haɗa kwamfutar wasa da Ryzen 7 7800X3D. Abokaina sun ce in ban sa na'urar sanyaya ta ruwa ba, furosesar za ta ƙone. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Furosesar zamani idan ta kai iyakar zafinta, rage gudu take yi da kanta, kuma iyakar wannan digiri 89 ne. Abin dubawa shi ne yawan wutar da take ci, domin duk wutar da ta shiga, zafi take komawa. An rubuta mata wat 120, a wasa kuwa ko nan ba ta kaiwa. Na'urar iska mai hasumiya biyu, irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15, ta ishe ta har da rara. Ruwa ya fi dacewa da irin Core i9-14900K, wadda ke jan wat 253. Ka kuma sani ruwa ba ya kashe zafi, dakonsa kawai yake yi daga furosesa zuwa lagireto, fankoki su hura shi cikin ɗaki, don haka ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Rarar kuɗin ka zuba a katin hoto da fankokin akwati, don a lokacin wasa katin ne ya fi kowa fitar da zafi.

Tambaya: Na sayi AIO, wato na'urar sanyaya ta ruwa da ke zuwa a haɗe a rufe daga kamfani, mai lagireto milimita 360, na ɗaura shi a ƙasan akwati. Yana aiki, amma ina jin ƙarar ruwa ɓul-ɓul, wani lokaci har da gurnani. Ya lalace ne?

Amsa: 'Yar'uwa, mazauninsa ne bai yi daidai ba. Babu AIO da aka cika maƙil, kowane yana da 'yar iska a ciki, ita kuwa iska kullum wuri mafi tudu take nema. A yawancinsu famfon yana cikin kan da ke zaune bisa furosesa. Da kika sa lagireto a ƙasa, famfon ya zama shi ne sama, sai iskar ta taru a cikinsa. Ruwan nan shi ke sa ƙafar famfon, wato abin da ke juyawa a cikinsa, santsi yana kuma sanyaya ta, saboda haka juyawa cikin iska na cinye ta kafin lokaci. Gurnanin da kike ji ke nan.

Ki mayar da lagireton rufin akwati, nan ne ya fi. In wuri bai ba ki ba, ki sa shi a gaba a tsaye, bakin tiyo yana ƙasa, saman lagireton kuma ya ɗara famfon tsayi. Kafin ki kwance komai ki auna: kaurin yawancin lagireto milimita 27 ne, fanka ta ƙara 25, amma na Arctic Liquid Freezer ya kai 38, yana iya tokare RAM masu tsawo. Bayan kin ɗaura, ki sa famfon ya yi gudunsa duka, ki karkata akwatin a hankali hagu da dama, kumfar za ta haura. In kwana biyu sun wuce ƙarar na nan, ki nemi canji tun garanti bai ƙare ba.

Tambaya: Jiya na ɗaura sabuwar na'urar ruwa, amma da na kunna wasa sai zafi ya haura digiri 100 nan take.

Amsa: Zafin da ke tashi cikin daƙiƙoƙi alama ce ba ya isa ga ruwan ma. Fara da abin da aka fi mantawa: ledar da ke manne a ƙarƙashin farantin jan ƙarfe, ka cire ta kuwa? Sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka ga ko famfo na juyawa. In ya nuna sifili, duba wayarsa a AIO_PUMP ko CPU_FAN, da wayar SATA in yana da ita. Idan waɗannan lafiya lau ne, ɗaga kan daga bisa furosesa, goge tsohon man da ke tsakaninsu, mai isar da zafi, da sinadarin gogewa na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori huɗun kaɗan-kaɗan, daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Masu Ryzen 7000 marasa X3D kuma kada su firgita da digiri 95 a aiki mai nauyi, haka AMD ta tsara su.

Tambaya: Ina so in haɗa zagayen ruwa da hannuna, har da katin hoto. Na samu lagireton alminiyam mai araha, sauran kayan kuwa jan ƙarfe ne.

Amsa: Ajiye shi, Malam, arahar nan ba ta da riba. Alminiyam da jan ƙarfe in suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin ne ke zaizayewa, garinsa ya toshe siraran hanyoyin da ke cikin farantin, daga baya yoyo ya biyo. Masu AIO suna haɗa su ne don sun rufe ruwansu da maganin hana tsatsa. Kai ka tsaya kan jan ƙarfe, tagulla da nikel. Kada ka zuba ruwan famfon gida, gishirinsa na barin dauɗa. Yi amfani da ruwan da aka tace ta tururi tare da maganin gansakuka da na tsatsa, ko haɗaɗɗen ruwa na kamfani. Masu kauri masu launi kyau ne da su a hoto, amma su suka fi kwantawa su toshe hanya.

Tankin ruwa ya zauna sama da famfo, D5 ne ko DDC, kada famfon ya taɓa juyawa a bushe. Lagireto milimita 120 ga kowane abu da za ka sanyaya, da ƙarin 120, shi ne mafi ƙaranci, kati mai wat 450 irin RTX 4090 kuwa ya fi ƙarfin wannan lissafi. Gwajin yoyo ba a tsallake shi: zare wuta daga madabod da katin, kunna famfon shi kaɗai, shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka bar shi awa 12 zuwa 24. Ruwan kuma a canza shi duk shekara.

Tambaya: Shekara nawa AIO ke yi?

Amsa: Ka sa ran biyar zuwa shida, gwargwadon garantin manyan kamfanoni. Ruwan na tsatsafowa ta jikin tiyo a hankali, famfo kuma na gajiya. In ka ga zafi na ƙaruwa wata bayan wata, fara busa ƙurar lagireto kana riƙe da fankoki kada su juya, ka sabunta man. In bai sauka ba, taɓa tiyo biyun ana tsakiyar wasa: ɗaya zafi rau, ɗaya sanyi, ruwa ya daina zagayawa ke nan, sai sabo.